Tsagewar gefen taya a motar da ba a cika hawa ba: tambayoyi da amsoshi ga masu mota a Tawa

A Tawa ba a rasa mota a ajiye. Wata ta ɗan ci-rani ce da ya tafi Abijan ko Libiya ya bar ta ƙarƙashin rumfa, wata ta Alhaji ce da ba ya fitar da ita sai Juma'a da ranar ɗaurin aure, wata kuma ta ma'aikaci ce da aka mayar Yamai. Irin waɗannan motoci ne ake kai wa masu gyaran taya da kuka iri ɗaya: zanen tayar yana nan kamar jiya aka saye ta, amma gefenta ya tsattsage kamar fason ƙafa a hunturu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan, da amsarsu.

Motar ba ta zuwa ko'ina, to me ya tsaga tayar?

Zaman ne ya tsaga ta. Kwalta zane take ci. Gefe kuwa iska da rana da zafi ne ke cinsa, ko motar ta motsa ko ba ta motsa ba.

Masu ƙera taya sun san da haka, shi ya sa ba roba zalla suke zubawa ba. Suna cuɗa ta da wani baƙin gari mai kama da kunkunniya, shi ne ke ba taya baƙinta, yana ƙara mata ƙwari, yana kuma tare hasken rana. Suna haɗawa da kaki da wasu sinadarai, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne 6PPD. Aikinsu su riƙa tsattsafowa daga cikin robar zuwa fatarta, su tari iskar ozon kafin ta kai ga robar. Ozon tana cikin iskar da muke shaƙa, ƴar kaɗan ce ƙwarai, amma ta iya tsinka roba, musamman robar da take a miƙe ko a lanƙwashe.

Maganin da ke saman fatar ba ya dawwama. Rana ta ƙone wani, ruwa da omo su tafi da wani. Abin da ke taimaka wa sabo ya fito daga ciki shi ne juyawar tayar, tana lotsawa tana miƙewa tana ɗaukar ɗumi, kamar yadda sai an matsa tunkuza mai ke fita. Tayar da ta yi wata 4 a tsaye babu abin da ya matsa ta. Fatarta ta bushe, ga shi wuri ɗaya ne ke ɗauke da nauyin motar dare da rana. Shi ya sa tsagar ta fi yawa a ƙasa, inda tayar ta yi tumbi, da kuma a tayoyin da ke fuskantar rana.

Don me sai gefe?

Nan ne robar ba ta da kauri. Ƙarƙashin zanen da ke taka ƙasa akwai roba mai kauri, sannan ɗamarar wayoyin ƙarfe, galibi hawa 2. A gefe babu wannan ɗamara. A tayar ƙaramar mota, abin da ke gefe zare ne hawa 1 ko 2, an lulluɓe shi da roba ta ƴan milimita daga waje, daga ciki kuma akwai wata siririyar roba mai hana iska fita. Zaren ne ke riƙe matsin iska da nauyin mota. Robar waje riga ce da ke kare shi. Muddin tsagar tana kan rigar, da sauran numfashi. Ranar da ta kai ga zaren, ƙura da ruwa suka shiga, zaren zai fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka gani ba.

Shin zafin garin nan yana da hannu a ciki?

Ƙwarai kuwa. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa a Tawa yana haura digiri 40 kusan kullum, baƙar roba da ke cikin rana kuwa ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. Ƙiyasin da masana sinadarai ke aiki da shi shi ne, duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewar irin wannan. Kuma ba daga waje kaɗai ba: iskar da aka hura a cikin tayar tana ɗauke da oksijin, tana ratsa robar a hankali tana taurara ta daga ciki, zafi kuma yana ƙara mata sauri.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka saboda zanensu yana ɓallewa daga jiki ana cikin gudu, kuma haɗurran sun fi yawa a jihohi masu zafi. Da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar ta tashi nazarin tsufan taya, daga birnin Finiks na jihar Arizona ta tattaro tayoyin, don garin hamada ne mai tsananin zafi. Abin lura a nan shi ne, wa'adin da ya dace da taya a ƙasa mai sanyi kamar Faransa ko Jamus, a Tawa sai an rage shi.

Hunturu kuwa ba ƙurarsa ce ke tsaga taya ba. Ɓarnarsa ita ce sanyin asuba yana rage matsin iska, tayar da dama ba a duba ta ta ƙara lotsawa.

Yaya zan bambance tsagar da ba ta da haɗari da wadda ke kisa?

Kada ka yi hukunci kan taya mai ƙura. Wanke ta da ruwa da sabulu, ka bari ta bushe, ka sa mata iska daidai yadda ya kamata, don tsaga ba ta buɗe baki sosai sai tayar ta cika. Ka nemi tocila ko da rana ce, ka haska daga gefe ba daga gaba ba, inuwar tsagar za ta nuna maka zurfinta.

Wurare 4 ake dubawa. Da'irar da ke dab da janti, wato ƙarfen da tayar ke zaune a kai. Tsakiyar gefen, inda rubutu yake. Kafaɗa, inda gefe ya haɗu da zane. Sai cikin kwarin zanen kansa, wanda mutane ke mantawa da shi. Bayan haka ka karya sitiyari har ƙarshe ka leƙa gefen ciki na tayoyin gaba, na baya kuma sai an ɗaga motar da jak ko an kwanta ƙasa. Ka tura motar gaba kamar rabin mita ka sake dubawa, domin inda ya fi lalacewa shi ne wanda ya daɗe yana ƙasa.

Tsaga ƙanana kamar gashi, masu kama da saƙar gizo, da farce ke bi ta kansu bai maƙale ba, alamar tsufa ce ta fara. Ana iya ci gaba da hawa cikin gari ana dubawa duk wata. Idan farce yana shiga yana maƙalewa, ko ka danna da babban yatsa ka ga tsagar ta wangame, ko ƙananan sun haɗe sun zama layi ɗaya dogo da ke zagaya tayar, wannan tayar ta gama aiki, ko da zanenta bai taɓu ba. A ganinmu duk tsagar da ta kai zurfin milimita 2 a gefen tayar ƙaramar mota ba a jayayya a kanta.

Akwai alamomi 3 da ba a ko kai motar gida da su, a nan take ake sa safaya: ka hango zare fari ko ruwan toka a cikin tsagar; ka ga kumburi kamar ƙwai a gefen; ko ka shafa ruwan omo ka ga kumfa na tasowa daga tsagar. Kumburin nan ma'anarsa zaren da ke ƙarƙashi ya riga ya tsinke, roba ce kawai ke riƙe iskar. Amma kada a rikita shi da ƴar lotsawa ta ciki da ake gani a wasu tayoyi tun suna sababbi, daga janti zuwa kafaɗa. Wannan mahaɗar zare ce, ba aibi ba ne. Wanda ya turo waje shi ne abin tsoro.

A kuma bambance tsaga da yanka. Ƙayar aduwa ko kaifin dutse ko bakin kwalbati suna barin rauni ɗaya mai tsaftataccen baki. Tsufa kuwa tsaga da yawa yake yi, a warwatse. Hukuncinsu ɗaya ne idan an kai ga zare.

Ina ake ganin shekarun taya?

A gefenta, kusa da janti, ka nemi haruffan DOT. Bayansu akwai jerin haruffa da lambobi, lambobi 4 na ƙarshe su ne ranar haihuwarta, galibi a cikin wani ɗan zobe mai siffar ƙwai. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019, wato farkon watan Yuni. Idan 0522 ne, mako na 5 na 2022. Tun shekarar 2000 ake wannan tsari. Tayar da ke da lambobi 3 kawai a ƙarshe kafin 2000 aka yi ta, sai dai a yi guga ko takalmi da ita.

Sau da yawa cikakkiyar lambar a fuska ɗaya kawai ake buga ta. Idan ka ga DOT babu lambobi 4 a ƙarshe, suna fuskar ciki. Ka duba kowace taya da kanta, har safaya, domin motar da ta shigo daga waje tana iya zuwa da tayoyi 5 masu shekaru 5 daban-daban.

Shekara nawa taya ke yi?

Kamfanin Michelin ya ce daga shekara 5 a riƙa kai taya wurin masani ya duba ta kowace shekara, idan ta cika 10 daga ranar da aka yi ta a cire ta ko yaya take, har da safaya. Bridgestone da Continental ma a 10 suka tsaya. Wasu masu ƙera mota, kamar Ford, 6 suka ce. Goman nan iyaka ce ta ƙarshe, ba alkawari ba ce. Ga motar da ke kwana tana wuni a rana a Tawa, shawararmu a fara sa ido sosai daga shekara 4, daga 6 kuma kada a hau doguwar hanya da ita.

Mun san abin da ke ci wa mai mota rai: tayar ba ta yi ko kilomita 10,000 ba, zane cike, a ce a jefar. Ma'aunin zane, wato milimita 1.6 da dokar Turai ta sa a matsayin mafi ƙaranci, na tayar da ke aiki ne kullum, wadda kwalta ke cinyewa kafin ta tsufa. Tayar motar da ke ajiye ba ta suɗewa, taurara take yi. Tsohuwar roba ba ta kama kwalta yadda ya kamata, musamman a ruwan farko na damina. Kyan ɗan maciji ke nan.

Mai faci ya ce zai liƙa mata faci daga ciki, ko ya sa mata tif. In yarda?

A'a. Faci na hujin ƙusa ne a tsakiyar zane, wanda faɗinsa bai wuce milimita 6 ba, inda ɗamarar ƙarfe ke riƙe da wurin. Gefe yana lanƙwashewa a kowace juyawa, faci ba ya zama a kansa, kuma ko ya zauna iska kawai ya tare, bai ɗinke zaren da ya tsinke ba. Ɗinki da zare da basilla, ko cusa guntun tsohuwar taya daga ciki, dabara ce ta fitar da kai daga daji zuwa gari a hankali. Ba gyara ba ne.

Tif ya fi faci haɗari, saboda yana ɓoye cutar. Tayar da ke tsiyayar iska ta gefe tana yi maka gargaɗi ne, tif kuma ya rufe mata baki. Bayan haka, cikin tayar da aka yi don ta yi aiki babu tif, ba shi da santsi, yana gogar tif ɗin, zafi ya ƙaru. Tayar da ba ta da tif idan ta huje a hankali take sacewa. Tif kuwa lokaci ɗaya yake fashewa.

Abin da ya kamata a duba kafin a ɗora wa tsaga laifin sacewar iska shi ne bawul. Shi ma roba ne, yana tsagewa a gindinsa. Lanƙwasa shi gefe da yatsa, ka shafa ruwan omo. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma ƙa'ida ce duk sabuwar taya a sa mata sabon bawul.

Masu wankin mota suna shafa wa taya baƙin mai ko man birki ta yi ƙyalli. Ba ya tausasa robar?

Yana lalata ta. Baƙin mai, gazuwal, isansi da kananzir duk suna jiƙa irin robar da ake yin taya da ita, ta kumbura ta yi laushi, su kuma narkar da kakin da sinadaran kariya su fito da su. Ƙyallin na kwana 2 ne, daga baya fatar ta fi da bushewa, ga ƙura ta manne. Man birki kuwa ko fentin mota ci yake yi, ba shi da aiki a jikin taya. Man ƙyallin taya na gwangwani ma a duba: wanda aka haɗa da ruwa ba shi da laifi sosai, wanda ke warin kananzir a bar shi. Babu ɗayansu da ke rufe tsagar da ta riga ta buɗe, cike ta kawai yake yi da baƙi ido ya daina gani. Mai sayen mota ya riƙe wannan: tayar da aka shafe ta yi sheƙi ranar ciniki, a goge ta a duba.

Idan ka ga gefen taya ya koma ruwan ƙasa, ba datti ba ne kawai, maganin nan ne na ciki ya fito ya yi aikinsa. Ruwa da sabulu mai sauƙi sun isa. Yawan dirza da buroshin ƙarfe da omo mai ƙarfi kullum yana cire kariyar da sauri fiye da yadda take fitowa.

Maigidana yana ci-rani, amma kullum da safe yaro yana kunna motar ta yi minti 10. Bai wadatar ba?

Hajiya, wannan bai taɓa taya ba ko kaɗan, ko batir ma ba wani amfani sosai yake yi masa ba. Taya sai ta juya. Ki sa wanda ya iya tuƙi, mai takardu, ya fitar da ita sau ɗaya a mako, in ya gagara sau ɗaya a mako 2, ya yi kilomita 15 zuwa 20 a kan kwalta har tayoyin su yi ɗumi. Zagayen unguwa a giya ta ɗaya bai kai ba. Idan ya dawo kada ya tsayar da ita daidai inda ta tashi, ya matsa gaba ko baya kaɗan don wani wurin ya karɓi nauyin. A ɗiga alama da alli a gefen tayar, da ita za ki gane ko wurin ya sauya.

Iska nawa ya kamata a sa?

Wadda mai ƙera motar ya rubuta, ba wadda mai faci ya saba ba. Takardar tana manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko bayan murfin tankin mai. Ƙananan motoci galibi tsakanin kilo 2.1 da 2.5 suke, wato bar a ma'aunin iska. Lambar da ke jikin tayar kanta, irin su kilo 3 ko 3.5, iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, ba abin da za a hura ba.

Lafiyayyar taya ma tana rasa wajen kilo 0.1 a wata ta cikin robar kanta. Motar da aka manta da ita wata 6 ta rasa rabin kilo ko fiye, kuma ido ba ya gane wannan, balle bugun ƙarfe ko danna yatsa. Ƙarancin iska shi ne babban abokin tsaga: gefen ya ƙara lanƙwashewa a tsaye, a tafe kuma ya ɗauki zafi. Ka sayi ɗan ma'aunin iska naka ka ajiye a mota, ka auna duk wata, da safe kafin rana ta taɓa tayar. Matsin yana hawa wajen kilo 0.1 a duk ƙarin digiri 10, saboda haka idan ka auna da azahar a Konni bayan gudu ka ga ya ƙaru da 0.3, haka ya kamata ya kasance. Kada ka sace shi. Direbobi da yawa suna rage iska a bazara wai kada taya ta fashe, alhali tayar da ba ta cika ba ita ce ke fashewa.

Masu shiga rairayin arewa, wajen Cintabaraden da Tasara, suna rage iska don mota ta haye yashi, kuma daidai ne. Laifin shi ne a hau kwalta ba a mayar ba, ko a ajiye motar a haka.

Zan yi tafiyar wata 6 zuwa shekara, babu mai tuƙa ta. Yaya zan ajiye ta?

Mafi kyau shi ne a sauke wa tayoyin nauyi gaba ɗaya. A ɗaga motar a ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe 4 na tokare mota, ko guntayen katako masu kauri, a daidai wuraren da aka tanada don jak. Ban da bulo, yana farfashewa ba sanarwa. Ban da barin ta a kan jak kaɗai. Idan katako ne a riƙa leƙawa saboda gara, kuma a tabbata yaran gida ba sa shiga ƙarƙashi.

Idan ba za a ɗaga ba, a wanke tayoyin su bushe, a ƙara musu wajen rabin kilo a kan ƙa'ida ba tare da an wuce iyakar da ke jikinsu ba, a fitar da kaya masu nauyi daga but. A sa faffaɗan katako ƙarƙashin kowace, wanda ya fi tafin tayar faɗi, don kada ta zauna a ƙasar da ta sha mai ko inda ruwan damina ke kwanciya. A sa duwatsu ko itace a tare ƙafafun maimakon jan birkin hannu, domin yana iya mannewa. Mai tsaron gida ya riƙa tura ta kaɗan duk mako 2, ya auna iska duk wata.

Sai inuwa. Rumfar zana ta fi ta kwano sanyi, amma ko ta kwano ta fi fili. Inuwar dogon yaro tana yawo, da la'asar rana na shigowa ta gefe ta sami tayoyin yamma. A jingina musu kwali ko tabarma ko farin buhu. Tamfol ɗin da ya rufe saman mota ya bar ƙafafunta a rana bai yi wa taya komai ba.

Abu ɗaya da ba a cika sani ba: janareta, injin walda da duk injin lantarki mai tartsatsi suna haifar da ozon. Garejin da aka haɗa mota da janareta a ciki, ko aka ajiye taya kusa da mai walda, tayoyinsa sun fi saurin tsagewa.

Idan an cire tayoyin, a sa kowace a babbar baƙar leda, a matse iskar a ɗaure, a kai ɗaki mafi sanyi a gidan, ɗakin laka ya fi. Masu janti a jera su a kwance, marasa janti a tsayar da su ana juyawa duk wata. Kada a bar su a tsakar gida da damina su tara ruwa, gidan sauro ne.

Ranar dawowa a mayar da iska daidai, a yi binciken da aka bayyana a sama, a fara tafiya a hankali. Ƴar girgiza a kilomitocin farko ta wurin da ya daɗe a ƙasa ce, tana wucewa idan tayar ta yi ɗumi. Idan an yi kilomita 30 tana nan, a cire tayar a duba.

Safaya fa? Ba a taɓa sa ta ba.

Shekarunta na tafiya kamar na sauran. Wadda ke cikin but ta tsira daga rana amma ba ta tsira daga zafi ba. Wadda ke rataye a bayan mota ba riga ita ce ta fi kowace shan rana, wadda ke ƙarƙashin Hilux kuma tana shan ƙura da laka, wani lokacin kusa da bututun hayaƙi. A sauko da ita a duba kwanan watanta da iskarta. Ƴar siririyar safayar nan ta wucin gadi kilo 4.2 take so, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 da ita.

Sabuwa ta yi tsada. In sayi ta hannu?

Araha ba ta ado, amma mun san aljihu. Idan dole ne, kwanan wata za ka fara dubawa kafin zane. Wadda ta haura shekara 5 ka bar ta, don ga motar da ba a hawa, shekaru kake saye ba zane ba. Ka sa a buɗe maka cikinta ka haska: faci a gefe, garin roba, ko wata da'ira da ta yi duhu ko ta yamutse alama ce an taɓa tafiya da ita ba iska. Ka taka gefen da ƙafa ya lanƙwashe ka ga ko tsaga za ta buɗe. Ka duba bakin da ke kama janti ko ya yage.

Da yawa daga tayoyin da ke zuwa daga Turai na lokacin ƙanƙara ne. Alamarsu hoton dutse mai ƙololuwa 3 da tauraron ƙanƙara a ciki, ga ƙananan tsage-tsage birjik a kan zanen. An yi robarsu don sanyin da ya gaza digiri 7. A kwaltarmu laushi take yi, ta cinye da wuri, birki kuma ya yi tsawo. Haruffan M+S kaɗai ba hujja ba ne cewa ta ƙanƙara ce, ana ganinsu a tayoyin manyan motocin daji da yawa.

Sabuwa ma a duba. Wadda ta yi shekara 1 ko 2 a cikin shago a inuwa ba ta da laifi. Wadda aka jera a bakin titi tana talla cikin rana ta fara tsufa tun ba a saye ta ba. Idan an naɗe ta da takarda mai ƙyalli, a yaga wurin lambar ka gani da idonka. Girma da lambar nauyi su dace da na motar: a rubutun gefen taya irin 195/65 R15 91H, lambar 91 na nufin nauyin kilo 615 kowace taya, H kuma gudun kilomita 210 a awa. Ba a sauka ƙasa da abin da mai ƙera motar ya rubuta.

Biyu kawai zan iya saya yanzu. Gaba ko baya?

Ka fara cire duk wadda tsagarta ta yi zurfi, ko ina take. Idan sauran biyun suna da sauran rai, sababbin a baya ake sa su, ko da motar da ƙafafun gaba take ja. Mutane sun saba da akasin haka, amma idan gaba ta zame direba yana ji a sitiyari ya gyara, idan baya ta zame ko ta fashe motar juyawa take yi. Tayoyi biyun da ke layi ɗaya, wato na gaba biyu ko na baya biyu, su zama iri ɗaya, girma ɗaya.

Tsagar ƙanana ce. Zan iya zuwa Yamai da ita in dawo?

Daga Tawa zuwa Yamai ta Konni, Dogon Dutsi da Dosso wajen kilomita 550 ne. Tayar 195/65 R15 tana juyawa kusan sau 500 a kowane kilomita, wato kowane wuri a gefenta zai lanƙwashe ya miƙe sau 275,000 kafin ka isa, cikin zafi, da mutane da kaya. Tayar da ta yi wata da watanni a tsaye ba a fara gwada ta da wannan. Idan ta haura shekara 6, ko farce na maƙalewa a tsagar, a canza kafin a tashi. Idan ba ta kai haka ba, a sa iskar cikakken lodi da ke rubuce a takardar ƙofa, a yi sammako, kada a wuce kilomita 90 a awa, a tsaya a Badagishiri ko Tsarnawa a zagaya motar a shafa gefen kowace taya da bayan hannu. Wadda ta fi ƴan'uwanta zafi, ko ta fito da kumburi, a nan ake sauke ta.

Idan ta fashe ana cikin gudu, riƙe sitiyari da hannu biyu ka tsayar da motar a layinta, kada ka taka birki da ƙarfi, ka ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali. Sai gudun ya sauka ƙasa da 40 sannan ka taɓa birki kaɗan-kaɗan, ka kunna sigina, ka gangara gefen hanya inda ƙasa take da tauri don jak ya samu wurin zama.